Idan Babur Yana Zuƙar Iska Ta Ɓarauniyar Hanya

Akwai wata cuta ta babur da ke sa a ɗora wa kafireta laifin da ba ita ta yi ba. Mai mashin zai turo shi gareji da ƙorafi iri ɗaya: da safe sai ya yi ta buga kik kafin ya tashi, in ya tashi ba ya tsayawa sai an bar masa cok, in kuma ya ɗauki zafi sai silo, wato juyin da inji ke yi ba a murɗa totur ba, ya haye sama. A saki totur, inji ya ci gaba da kuka, sai can ya sauko a hankali, wani lokacin ma ya zarce ya mutu a bakin danja. Sai yaron gareji ya kwance kafireta, ya wanke ta da fetur a gindin yankakken galan, ya busa jet da baki, ya mayar, ya yi ta murɗa sukuru har sauti ya yi daɗi a kunne. Kwana biyu mashin ya dawo da abin da ya tafi da shi. A irin wannan hali, sau da yawa kafiretar lafiyarta ƙalau. Ɓarnar tana cikin ɗan gajeren wuyan da ya haɗa ta da kan inji, wanda makanikai ke kira manifol.

Aikin kafireta awo ne. Duk iskar da inji zai shaƙa ta cikinta ya kamata ta bi, ita kuma ta sakar mata fetur gwargwadon yawanta. Domin fetur ya ƙone sarai, kowane kilo ɗaya nasa yana bukatar kilo 14.7 na iska, wanda in aka juya lissafin ya nuna lita ɗaya ta fetur tana cin iska wajen lita 9,000. Iskar da ta ratsa maƙogwaronta kaɗai kafireta ta sani. To idan akwai tsaga a bayanta, tsakaninta da bawul, inji zai zuƙi wata iska ta can wadda ba a auna ba, ba a kuma ba ta rabonta na mai ba. Kamar mai nono ce ta dama fura daidai kauri, kafin ƙwarya ta kai hannun mai sha wani ya tsiyaya mata ruwa. Haɗin ya tsinke ke nan, kuma duk ƙorafin nan na mai mashin ƙorafin tsinkakken haɗi ne.

Akwai dalilin da ya sa cutar ta fi fitowa fili a silo. Da ka saki totur, ƙaramin fistan da ke cikin kafireta yana saukowa ya kusa rufe hanya, alhali babban fistan na inji yana nan yana ja. Wurin da ke tsakaninsu, wato cikin manifol, shi ke ɗaukar wannan ja, kuma babu lokacin da ƙarfin zuƙa ke kai na wannan lokaci. Iskar da ke bi ta hanyar gaskiya a sannan 'yar kaɗan ce ƙwarai, don haka ko hudar da ba ta fi tsinin allura ba sai ta canza lissafi. Da an buɗe totur sosai, ja ya ragu, iskar hanya ta yawaita, ta satar ta ɓace a cikinta. Shi ya sa mai mashin zai rantse maka cewa a kan titi ba ya jin komai. Bai yi ƙarya ba, sai dai a wannan tafiyar ta matsakaicin gudu ake yin ɓarnar da ba a ji. Ɗan rarar fetur da ke cikin haɗi mai kyau yana sanyaya cikin inji. In babu shi, bawul ɗin salansa da kan fistan su ke shan wuta. Ga inji da iska kaɗai ke sanyaya shi, ga watan Afrilu a Sakkwato ko Maraɗi da zafi ke wuce digiri 40, ga lodin buhu biyu a baya. Gyaran da roba ɗaya za ta gama sai ya koma sauke inji.

Kafin a taɓa komai, a san wurin. A baburan da suka cika titunanmu, su Boxer da TVS da Haojue da roba-roba da tarin na Sin da aka ɗauko zubinsu daga Honda CG125 na 1975, manifol iri biyu ake samu. Akwai na ƙarfe zalla, ɗan bututun alminiyam da aka ɗaure da noti biyu a kowane ɓangare. A mahaɗarsa ana samun fakin na takarda, ko zoben roba da ke kwance cikin wani ɗan rami mai kewaye, sannan da wani baƙin faifai mai tauri da ake sakawa a tsakani don ya hana zafin inji isa ga kafireta ya tafasa man da ke cikinta. Akwai kuma na roba, wanda aka narka roba a kan farantin ƙarfe. Farantin yana ɗaure a kan inji, bakin kafireta kuma yana shiga cikin robar a matse shi da kilif. Kowace mahaɗa a cikin waɗannan ƙofa ce. Ƙara da jikin robar kansa, da layin da roba ta manne da ƙarfe, da ɗan hancin da ke jikin wasu manifol inda siririn tiyo ke fita zuwa makunnin mai, da murfin saman kafireta inda kebul ɗin totur ke shiga. Wurin bai wuce tsawon yatsa ba, amma hanyoyin shigar iska a cikinsa sun fi shida.

Me ke kashe robar? Zafi daga gaba, fetur daga ciki, rana daga waje. Kuma ba ta hutawa: injin da ke silo a juyi 1,400 a minti yana zuƙa sau 700, kowace zuƙa kuma sai robar ta ɗan motsa ciki ta dawo. Da shekaru suka tafi, man da ke sa ta laushi sai ya fita, ta bushe, ta ƙanƙance, ta fara tsattsagewa. Gurɓataccen mai yana gaggauta wannan, irin wanda ya shiga gidajen man Najeriya a Fabrairun 2022 ɗauke da sinadarin methanol fiye da ƙima. Amma a ganina hannun mutum ya fi duk waɗannan kashe manifol. Wani zai cire akwatin tace iska gaba ɗaya wai don mashin ya yi numfashi, ya bar kafireta tana reto a wuyan roba ba abin da ya tallafe ta ta baya, kowane rami a hanya kuma robar ce ke ɗaukar nauyin. Wani zai zura sukudireba ya ɓanɓaro kafireta, ya bar tabo a leɓen robar. Wani kuma ya ɗaure noti da ƙarfinsa duka har kunnuwan farantin su lanƙwashe.

Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 wata ɗabi'a ta ƙaru da ke rikita wannan cuta. Ɗan acaɓa zai zo ya ce, "Oga, ka rage mata shan mai kawai." Sai a sauke allurar kafireta ƙasa, a matse silo. In dama akwai 'yar tsaga da mashin ke jurewa, yanzu an haɗa masa yunwa biyu. Saboda haka yana da kyau makanike ya fara tambaya: wa ya taɓa kafiretar nan a baya, me kuma ya yi mata?

Akwai cututtuka uku ko huɗu da ke shigar burtu da wannan, kuma cire su daga lissafi ba ya cin lokaci. Kebul ɗin totur da ya bushe ko aka matse shi yana riƙe silo sama. Juya kan mashin hagu da dama inji yana aiki, in sauti ya canza, kebul ne. Ƙaramin jet na silo in ya toshe yana sa mashin ya nemi cok. Tafet da ya matse, musamman na bawul ɗin shigar iska, yana sa wahalar tashi da silo marar tsayawa wuri ɗaya. Harbin da salansa ke yi in an saki totur a gangara kuma yana iya zama fakin bakin salansa ne ya ƙone. Abin da ya fi nuna yatsa ga manifol shi ne silo mai yawo: yanzu sama, an jima ƙasa, an saita shi da sanyi ya ɓaci da zafi. Sai filogi da ka ciro ka ga bakinsa fari fat, babu ko ɗigon launin ƙasa.

Gwajin farko ba ya bukatar kayan aiki. Kafa mashin a kan babbar ƙafa, a fili, ba cikin shago ba. Tayar da shi ya ɗumama kamar minti goma, ka bar shi a silo mafi ƙasa da zai iya riƙewa. Kama kafireta da hannu ka ɗan girgiza ta sama da ƙasa, hagu da dama, a hankali. In sautin inji ya bi hannunka, yana hawa yana sauka, ka gama rabin bincike. Lafiyayyen manifol ba ya kula da wannan girgiza. Ka kuma kasa kunne kusa da wurin, don babbar tsaga tana yin wani siririn tsaki da ake ji a ƙarƙashin ƙarar inji.

Gwaji na biyu shi ne fesawa, kuma a nan ake bukatar natsuwa. Manufar ita ce a sa wani ruwa a kan wurin da ake zargi, in akwai huda za ta zuƙe shi, sautin inji kuma zai canza nan take. Na fi son ruwa zalla, a cikin abin fesawa irin na masu aski ko a cikin sirinji. Ruwa yana toshe hudar na ɗan lokaci, sai ka ji silon da ya haye ya faɗo, ko wanda ke rawa ya daidaita, ko inji ya yi tuntuɓe. Gwangwanin fesawa na wanke kafireta ya fi ruwa nuna ƙaramar huda, amma yana kama wuta, kuma salansa tana kusa. In za a yi da shi, a sa siririn bututun da ke zuwa da gwangwanin, a tabbatar hular filogi ta zauna daram ba ta fitar da tartsatsi, kada kowa ya riƙe sigari, a ajiye bokitin yashi kusa. Abin da ake yawan yi a gareji, wato a tsoma yatsa a fetur a ɗiga a kan inji mai zafi, yana aiki, amma bai kamata a koya wa yaro shi ba.

Yadda ake fesawar ya fi abin da ake fesawa muhimmanci. Kada a yi wa wurin wanka gaba ɗaya, don in sauti ya canza ba za ka san ta ina ba. Fara daga mahaɗar kan inji. Fesa kaɗan, ka jira ka ƙirga biyar, ka saurara. Matsa zuwa baƙin faifan, sannan jikin robar, sannan gefen kilif, sannan murfin sama. Kada a manta da ƙasa. Mafi yawan tsaga a ƙasa take ko ta ɓangaren da ke fuskantar firam, inda ido ba ya kaiwa, don can mai ke taruwa, can kuma nauyi ke ja. Ɓallen madubi da tocilan waya suna taimakawa. Sannan a kula da ruɗi ɗaya: tururin abin da aka fesa yana iya kewayawa ya shiga ta bakin akwatin tace iska, inji ya canza sauti alhali babu huda. Wurin da ya amsa, a bar shi ya bushe a sake gwadawa. In ya amsa sau biyu a wuri ɗaya, shi ne.

Yanzu sai kwancewa. Bari inji ya huce, rufe mai, zare tiyon mai, sauke man da ke cikin kofin kafireta ta sukurun ƙasa. Wanke ƙurar da ke kewaye da wurin kafin ka buɗe komai, domin duk yashin da ke kwance a kan manifol yana jiran ƙofa ne ya faɗa cikin inji. Sassauta kilif ɗin ɓangaren akwatin iska tukuna, ka ja wannan robar baya don a sami fili. In kafireta ta ƙi fita daga robar, a murɗa ta a hankali ana ja, ko a zuba wa robar ruwan zafi ta yi laushi. Da manifol ya fita, cusa tsumma mai tsabta a ramin kan inji. Ka lura da yadda baƙin faifan yake kafin ka cire shi, wace fuska ke kallon inji, don wasu suna da zoben roba a fuska ɗaya kawai, in aka juya su kuma an ƙirƙiri sabuwar huda.

Ɗauki robar ka fita da ita haske. Tsagar da ke waje ba kullum take ratsawa ciki ba; robar tana da kauri, kuma za ka ga wadda bayanta ya yi zane-zane amma cikinta sumul. Saboda haka matsa ta da yatsu, lanƙwasa ta, ka leƙa ciki kana haska tocila daga waje. Tura babban yatsa a layin da roba ta haɗu da farantin ƙarfe. A nan ake samun ɓarna mafi wuyar gani: robar ta saki ƙarfen, ido yana ganin komai a manne, amma da ka tura sai baki ya buɗe. In kana shakka, toshe ɓangare ɗaya da tafin hannu, ka nutsa mahaɗar a ruwa, ka busa ta ɗaya ɓangaren ka ga ko kumfa za ta taso. Danna farce a leɓen da ke riƙe kafireta. In ya shiga ya dawo, da sauran rai. In robar ta yi tauri har farce ba ya barin alama, ko babu tsaga ta gama aiki, don ba za ta ƙara rungumar bakin kafireta ba komai matsin kilif.

Zoben roba a duba shi a gurbinsa. Lafiyayye yana ɗan ɗagowa sama da fuskar ƙarfen, yadda in an ɗaure zai matsu. Wanda ya kwanta ya yi daidai da ƙarfe, ko ya zama mai kusurwa maimakon mulmulalle, ba ya rufe komai. Baƙin faifan kuma yawanci kusa da ramin noti yake tsagewa, siririyar tsaga da sai an goge shi an karkata shi ga haske ake gani.

Sai farantin. Wannan mataki ne da ake yawan tsallakewa, shi ya sa za a sa sabon fakin amma iska ta ci gaba da shiga. Noti biyu ne ke riƙe farantin, ɗaya a kowane kunne. In an ɗaure su fiye da ƙima, kunnuwan suna lanƙwasawa ciki, tsakiya kuma ta ɗago, ga shi tsakiyar ce ke kewaye da ramin iska. Kifa shi a kan gilashi ka leƙa ta gefe. In haske yana wucewa ta tsakiya, ya karkace. Gyaransa ba wuya. Shafe fuskar gaba ɗaya da tawadar maka. Shimfiɗa samfefa mai laushi, lamba 400, a kan gilashi mai kauri, ka jiƙa ta da ruwa. Goga farantin a kai kana zagaya hannu da siffar lamba 8, ba gaba da baya ba, ba kuma tare da dannawa ba. Ɗaga ka duba: tawada za ta fara gogewa daga kunnuwa, tsakiya ta rage baƙa. Ci gaba har tawadar ta tafi ko'ina, sannan ka tsaya nan take. A wanke shi sosai, don garin samfefa ba abin da za a aika cikin inji ba ne. Fuskar kafireta mai noti biyu ita ma tana karkacewa haka, kuma haka ake gyara ta. Tsohon fakin da ya manne a kan inji a kankare shi da reza a kwance, ba da bakin sukudireba ba, don alminiyam ba ya jure karce.

A kan gam akwai magana. Jan gam ɗin nan ko baƙi na silikon da ake shafa wa kowace mahaɗa a gareji ba a yi shi don zama cikin fetur ba. Yana kumbura, ya yi laushi, ya saki. Rarar da ta matso ciki lokacin ɗauri kuma inji zai zuƙe ta, ko ta kwanta a kan ɗan ramin da man silo ke fitowa a bakin kafireta ta toshe shi, a koma gidan jiya. Gam mai bushewa nan take yana yin tauri ya fashe a girgizar farko. Fuska madaidaiciya da sabon fakin ba sa bukatar komai, in ban da ɗan giris da za a shafa don ya riƙe fakin ko zobe a wurinsa. In ba a sami fakin a kasuwa ba, a yanka daga takardar fakin ta gaskiya. Kwalin sukari yana fitar da mutum daga daji, amma yana shan mai ya ruɓe.

Haka nan ɗaurin tafiya. In roba ta tsage a hanyar ƙauye, a goge ta ta bushe, a yanko siririn tsohon tub a naɗe ta da ƙarfi a ɗaure. Zai kai ka gida, zai ma iya yin kwanaki. Matsalarsa ɗaya ce, yana aiki har mutum ya manta cewa na wucin gadi ne, tsagar kuma tana ci gaba da tafiya a ƙarƙashinsa.

Wajen sayen sabo, tafi da tsohon a aljihu. Kayan babur da ke fitowa ta Nnewi da sauran manyan kasuwanni suna da daraja hawa-hawa, kuma manifol biyu da suka yi kama a kan tebur suna iya bambanta a faɗin rami, da tazarar noti, da karkatar wuya. Lambar da ke jikin irin kafiretocin PZ19 ko PZ26 tana nuna kusan faɗin maƙogwaronsu ne a milimita, don haka robar wannan ba ta zama ta wancan. Haɗa sabo da tsoho fuska da fuska ka ga ramuka sun yi daidai. Matsa robar, ka tura yatsa a mahaɗarta da ƙarfe tun a gaban mai shago. Ka duba farantin ma, don sabo yana zuwa a karkace.

Mayarwa tana da tsari. Cire tsumman nan daga ramin inji, kada a manta. Jera fakin da faifai yadda suke. Ɗaura noti biyun da hannu har su zauna, sannan da sifana kaɗan-kaɗan, wannan rabin juyi, wancan rabin juyi, har su kama tare. Irin waɗannan notuna masu kaurin milimita 6 ɗaurinsu wajen Nm 10 ne, wanda ba wani ƙarfi ba ne. In babu sifana mai awo, riƙe ƙaramar sifana kusa da kanta ka ɗaure da wuyan hannu, ba da kafaɗa ba. Shafa ɗan ruwan sabulu a leɓen robar, ka tura kafireta har ka ji ta faɗa gurbinta. Yawanci akwai ɗan tudu a cikin robar da ke shiga wani layi a bakin kafireta, akwai kuma ɗan haƙori a waje da ke nuna inda za ta tsaya. Tilas ta tsaya a miƙe, don in ta karkata man da ke kofinta ma ya karkata. Mayar da robar akwatin iska kafin ka matse kowane kilif, yadda kafireta za ta zauna a tsakaninsu ba tare da ana jan ta gefe ba.

Kilif ya zauna a cikin layinsa, ya kuma zama siriri irin na asali. Faffaɗan kilif na tiyon ruwa yana hawa kan gefen layin, ramukansa kuma suna yanka roba. Waya da aka murɗa da filaya ta fi shi muni. Matse har kafireta ta daina juyawa da hannu, ka tsaya. In bakunan kilif sun haɗu amma har yanzu tana juyawa, robar ta ƙanƙance ko ba tata ba ce. Robar ɓangaren akwatin iska ita ma a ba ta haƙƙinta. Hudar da ke can ba ta cika rikita silo ba, shi ya sa ake raina ta, amma ta nan ƙurar hunturu ke shiga ba tacewa, ta cinye ringi da silinda a hankali. In ka zura yatsa cikin wannan robar ka ji gari-gari, ƙura tana wucewa.

Saura mataki ɗaya, kuma rashin yin sa ne ke sa a ce gyaran bai yi ba. Duk tsawon lokacin da mashin ke zuƙar iskar sata, an yi ta ƙara masa mai don ya tsaya. Yanzu da aka toshe hudar, wannan ƙarin ya zama rara: zai yi baƙin hayaƙi, ya yi nauyi, filogi ya yi baƙi. Sai an warware abin da aka yi a baya. Sukurun saiti biyu ne a jikin kafireta. Babban mai sifirin yana ɗaga silo ko sauke shi ne kawai. Ƙaramin shi ke saita haɗin. Murɗa ƙaramin ciki a hankali kana ƙirga juyi har ya taɓa, kada ka matse don tsininsa yana lalacewa, sannan ka dawo da shi juyi ɗaya da rabi a matsayin mafari, sai dai in littafin mashin ya faɗi wani adadi. In ƙaramin sukurun yana ɓangaren akwatin iska, iska yake saki, shigar da shi yana ƙara kauri. In yana ɓangaren inji, mai yake saki, fito da shi ne ke ƙara kauri. Da inji ya yi zafi, juya shi kwata-kwatan juyi, kana jira bayan kowane juyi, har ka sami inda sauti ya fi tashi ya fi santsi. Sannan ka sauke silo da babban sukurun zuwa wajen 1,400. In an taɓa matsar da kilif ɗin allura, a mayar da shi gurbinsa na asali. Jet ɗin da aka faɗaɗa da waya ba ya komawa, sai sabo.

Murza totur sau ɗaya ka saki. Lafiyayyen inji yana faɗowa nan da nan ya tsaya a silonsa. In ya rataye a sama kafin ya sauko, haɗin bai daina tsinkewa ba, a sake fesawa. In ya faɗo ƙasa da silo kamar zai mutu sannan ya farfaɗo, mai ya yi yawa. Bayan an yi tafiya inji ya yi zafi ya huce, a sake taɓa notuna da kilif, don sabon fakin yana ɗan kwanciya. Filogi kuma a duba shi bayan 'yan kwanaki, ana neman launin ƙasa mai haske.

Manyan babura masu silinda biyu ko huɗu da ake shigowa da su na hannu, kowace silinda da robarta, kuma shekarunsu ɗaya. In ɗaya ta tsage a canza su duka, sannan a daidaita kafiretocin da juna.

Masu injin da ke ƙona baƙin mai tare da fetur, irin Suzuki AX100 da Jincheng da aka yi a kan zubinsa, nasu ya ɗan fi faɗi. A irin wannan inji haɗin yana fara sauka cikin akwatin karanshaf kafin ya hau silinda, don haka akwatin gaba ɗaya ɓangare ne na hanyar zuƙa. In an gyara manifol, an fesa ko'ina babu amsa, amma silo yana nan yana hawa da kansa, a koma ga oyil sil biyu na karanshaf. Na ɓangaren magneto in ya mutu iska yake zuƙa, kuma sau da yawa za ka ga danshin mai a bayan magneton in ka cire shi. Na ɓangaren kuloci man giya yake zuƙa, alamarsa hayaƙi mai kauri da man giya da ke raguwa ba tare da ɗigo a ƙasa ba. Irin wannan inji ba ya jure tsinkakken haɗi ko na ɗan lokaci, fistan yana iya kamewa a tafiya ɗaya, saboda haka ba a hawa shi a ce za a duba gobe.